Yadda Muka Bi Ofis-Ofis Har Aka Canza Kwalbatin Layinmu

Kafin a canza shi, kwalbatin da ke ƙasan layinmu bututu ne guda ɗaya na kankare, an binne shi a ƙarƙashin hanya tun lokacin da gidajen unguwar ba su taka kara sun karya ba. Yanzu ko'ina gini ne, filayen da a da suke shanye ruwa an shafe su da siminti, duk ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje can yake gangarawa ya taru a bakin wannan bututun. In aka yi ruwa mai ƙarfi na awa ɗaya sai ya cika ya juyo da baya. A daminar da abin ya kai mu bango, cikin dare na ji ana buga mini ƙofa. Na fito na tarar da dattijon da muke katanga ɗaya da shi tsaye cikin ruwa har gwiwa, jikarsa a kafaɗa, rigarsa sharkaf. Ya ce, "Malam, karɓe ta, bari in koma in fitar da katifa." Na karɓi yarinyar, jikinta yana rawa don sanyi. Da gari ya waye muka ga gefen katangarsa ya zauna. A ranar na ɗauki alkawarin zan bi maganar har hukumar birni ta gyara. Kusan shekara biyu abin ya ɗauke ni, kuma shekara ɗaya daga ciki rashin sanin hanya ne ya cinye ta. Shi ya sa nake rubuta wannan, don wanda zai bi irin wannan hanyar ya san inda zai fara sa ƙafa.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake yi: na nemi kansilan mazaɓarmu na faɗa masa da baki. Ya saurare ni da mutunci, ya jajanta, ya ce zai duba. Bayan mako biyu na kira shi, ya ce yana sane. Bayan wata guda na sake kira, ya ce ya yi wa mutanen sashen ayyuka magana. Haka muka yi ta yi har wata uku, damina ta wuce, ƙasa ta bushe, mutanen layi suka fara mantawa. Ban ɗora masa laifi ba, domin daga baya na ga da idona yadda ake tare shi a hanya, wannan da maganar rijiya, wancan da maganar asibiti, wani da neman aiki. Amma abin da ban sani ba a lokacin shi ne maganar baki ba ta da lamba, ba ta da fayil, ba ta zama a kan teburin kowa. A wurin hukuma, ƙorafin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

Ranar da na fara zuwa sakatariya, kai tsaye na nufi sashen ayyuka, a tunanina tun da aikin injiniya ne sai in ga injiniya. Tun daga bakin ƙofa wani matashi ya tare ni ya ce in ba shi wani abu zai shigar da ni ya kuma hanzarta mini. Na ce masa na gode, na wuce. Na zauna a kan benci daga ƙarfe tara har bayan sha biyu, sai aka ce injiniyan ya fita duba aiki, ba lallai ya dawo ba. Ina shirin tafiya raina a ɓace, wani masinja mai furfura da ya daɗe yana kallona ya ce, "Ɗana, me ke tafe da kai?" Na zayyana masa. Ya ce ko da na ga injiniya ba abin da zai iya yi, domin shi ba ya fita aiki sai takarda ta sauko masa daga sama. Ya koya mini yadda ake rubuta ta a tsaye a nan barandar: a aika ta ga shugaban hukumar birni, a sa kan magana a layi ɗaya, a faɗi sunan layi da alamar da za a gane wurin da ita, a faɗi ɓarnar da aka yi da ranar da aka yi ta, sannan a faɗi abin da ake roƙo a fili. Ya ce kada in haɗa maganar kwalbati da ta fitilun hanya da ta shara a takarda ɗaya, domin kowace sashenta daban, takardar da ta ɗauko magana uku sai ta rasa teburin da za ta sauka. Ya ce in kawo kwafi uku. Mutumin nan bai nemi komai a wurina ba, kuma abin da ya faɗa mini cikin minti biyar ya fi duk kiran wayar da na yi a wata uku amfani.

Mako guda na yi ina bin gida-gida ina karɓar sa hannu. Kowa ya rubuta sunansa da lambar gidansa, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Wasu sun ƙi, suna tsoron kada sunansu ya shiga hannun masu karɓar haraji, ban matsa musu ba. Na samu gida arba'in da ɗaya. Na haɗa da hotunan da yara suka ɗauka a waya daren ambaliyar da na katangar dattijo. Shigar da ƙorafi ba a biyan ko sisi, abin da na kashe shi ne na buga takarda da wanke hotuna da kwafi, sai kuɗin mota, wanda shi ne ya fi cin aljihu da tafiya ta yi nisa. A ofishin rajista wata ma'aikaciya ta karɓa, ta duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe wani babban littafi ta rubuta kwanan wata da kan maganar da sunana. Ta buga hatimi a kan ta asali, sannan ta miƙo hannu ta ce, "Ina naka kwafin?" Ta buga masa shi ma, ta sa hannu, ta rubuta lamba a saman kusurwa. Ta ce, "Wannan lambar ita ce kai a gidan nan. Duk inda ka je kada ka fara da labari, fara da ita." Na sa takardar a leda na adana ta tare da takardun gidana. Kwafi na uku na kai wa kansila hannu da hannu, na kuma lura yadda ya karɓe ta ya bambanta da yadda yake amsa wayata.

Daga nan sai jira. Takarda tana hawa ofishin shugaba, a yi mata ɗan rubutu a gefe cewa sashe kaza ya duba ya kawo rahoto, ta dawo rajista a rubuta fitarta, sannan masinja ya kai ta. Kowane hawa da sauka yana iya cin kwanaki. Na zaɓi rana ɗaya a mako nake zuwa da sassafe, in ba da lambata a buɗe littafi a faɗa mini inda fayil ɗin yake. A mako na huɗu aka ce ya tsaya a sashen ayyuka, an rubuta tambaya a kansa: hanyar ta waye? Ban taɓa tunanin wannan ba. Ashe hanyoyin da ke cikin gari ba duka ne na hukumar birni ba. Manyan tituna galibi suna hannun gwamnatin da ke sama da ita, layukan unguwa kuma nata ne, kwalbatinmu kuwa yana dab da inda layinmu ya haɗu da babban titi. Ba wanda zai kashe kuɗin hukumarsa a kan abin da ba nata ba, domin masu binciken kuɗi za su tambaye shi. Sai da aka aika ofishin tsara birane aka duba taswira, aka tabbatar bututun yana cikin layi, ba cikin iyakar babban titi ba. Mako uku wannan tambayar ta ci. Da na san da ita tun farko, da na je na tambaya kafin in rubuta, in kuma sa amsar a cikin takardata.

Waɗanda suka fara zuwa layinmu ba injiniyoyi ba ne, duba-gari ne. Su biyu suka zo, suka leƙa bakin bututun, suka tsokano leda da robobi da tsummoki da sanda, suka bi lambatun ƙofar gidaje suna rubutu. Kafin su tafi suka ba gida shida takardar gargaɗi kan zuba shara a magudanar ruwa. Mutanen layi suka yi mini caa, wasu na cewa na jawo musu hukuma. Daren nan ban yi barci da daɗi ba. Amma gaskiya ɗaya ce, sharar tamu ce, ba wani ne ya zo daga nesa ya zuba ba. Shugabar duba-garin ta ce mini ruwan da ke kwanciya a wurin shi ke tara mana sauro, domin a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi. Muka sa rana muka yashe lambatun da kanmu, sashen tsabta ya turo mota ta kwashe abin da muka fitar. Rahoton da duba-gari suka rubuta ya shiga fayil ɗinmu, kuma daga baya ya zama hujja mai ƙarfi, domin ya nuna maganar ta shafi lafiyar jama'a, ya kuma nuna mun yi namu.

Injiniya ya zo bayan kusan wata uku da shigar da takarda. Ya naɗe ƙafar wando ya sauka cikin ramin, ya ɗora awo a bakin bututun ya ce santimita 60 ne. Ya bi layin da ƙafa har sama yana duban inda ruwa ke fitowa, ya dawo ya ce ko an yashe shi tas ba zai ɗauke ruwan ba, ya yi wa unguwar kaɗan. Na tambaye shi in aka sa mai santimita 90 ai bambancin ba yawa. Ya tsuguna ya zana da'ira biyu a ƙasa da tsinke, ya ce ruwa ba faɗin baki yake bi ba, filin cikin bakin yake bi, kuma filin mai 90 ya ninka na mai 60 sau biyu da kwata. Duk da haka shi abin da zai ba da shawara shi ne a fasa hanyar a zuba kwalbati mai kusurwa huɗu na kankare da rodi, wanda mutum zai iya shiga ya yashe. Na ji daɗi har na fara yi wa dattijo albishir. Sai injiniyan ya ce in dakata. Ya ce kuɗin hukuma kashi biyu ne: akwai na gudanarwa, wanda ake biyan albashi da man mota da ƙananan gyare-gyare da shi, akwai kuma na manyan ayyuka. Yashe bututu yana iya fita daga na farko, amma sabon kwalbati sai an sa shi da sunansa a kasafin kuɗi, kasafin wannan shekarar kuma an riga an amince da shi makonni kaɗan da suka wuce. Na tsaya na yi lissafi a raina. Watanni ukun da na yi ina kiran waya su ne daidai lokacin da sassa suke miƙa ayyukan da suke so a sa musu. Na koma gida jikina a sanyaye, ban iya faɗa wa dattijo ba sai washegari.

Injiniya ya rubuta rahoto da ƙiyasin abin da aikin zai ci, ya ce in je in ga akawun majalisar kansiloli. Shi ne mai tsara ajandar zama da rubuta bayanan abin da aka tattauna, kuma a ganina duk mai hulɗa da hukumar birni ya kamata ya san ofishinsa. Ya nuna mini allon sanarwa da na sha wucewa ban kalla ba, inda ake manna ranar zama da abubuwan da za a tattauna. Ya ce jama'a suna iya shiga su saurara, wanda kuma yake son magana sai ya rubuta sunansa da batunsa kwanaki kafin ranar. Na rubuta. Zaman farko na nemi izini a wurin aiki na je, muka zauna fiye da awa, sai aka ce kansilolin da suka hallara ba su kai adadin da doka ta ce dole su cika kafin a yanke wani abu ba, aka ɗage. Wata guda ya sake tafiya.

Zama na biyu ya yiwu, kuma a nan na fara fahimtar yadda gari yake tafiya. Aka karanta bayanan zaman baya, wani kansila ya ce an yi kuskure a wani adadi, aka gyara, aka amince. Aka shiga abubuwan da suka taso daga ciki. Sai rahotannin kwamitoci: gyaran motar kwashe shara da ta lalace, sabunta hayar rumfunan kasuwa, ƙwayayen fitilun hanya da suka mutu, wata takarda kan shingen maƙabarta. Da farko na ƙosa, ina jin kamar ana ɓata lokaci a kan ƙananan abubuwa alhali mu ruwa yana shiga ɗakunanmu. Can sai na tuna cewa motar da ake maganar gyaranta irinta ce ta zo ta kwashe sharar layinmu, kuma a wurin wani, fitilar da ta mutu a lungunsu ita ce kwalbatinsa. Wata mata da ta yi magana kafin ni ta ce 'yarta tana dawowa daga aikin dare a asibiti cikin duhu, muryarta tana rawa, zauren ya yi tsit. Da aka kira sunana aka ce minti uku gare ni. Na riga na rubuta abin da zan faɗa na kuma gwada shi da agogo a gida. Na ce, "Ranka ya daɗe," na faɗi lambar fayil, yawan gidajen da suka sa hannu, awon injiniya, rahoton duba-gari, da abin da muke roƙo, na ɗaga hoton katangar. Kansilanmu ya miƙe ya kawo ƙudiri, wani ya goyi baya, shugaba ya ce an miƙa wa kwamitin ayyuka ya duba ya kawo rahoto. Na fito ina ganin an sake jefa mu cikin jeka-ka-dawo. Akawu ya biyo ni ya ce ba haka ba ne, yanzu maganar ta shiga bayanan zama, dole a sake tayar da ita a zama na gaba a tambayi kwamiti ina aka kwana. Ya ce in dawo bayan an amince da bayanan in nemi kwafin shafin. Wannan kam an biya ɗan kuɗin kwafi a ofishin kuɗi, aka ba ni rasit.

'Yan kwamiti sun zo sun ga wurin, suka ba da shawarar a sa aikin a kasafin shekara mai zuwa, a kuma yashe bututun kafin ruwa ya sauka. An yashe. Damina ta biyu mun sha da ƙyar, ruwa ya cika layi sau biyu amma bai shiga ɗaki ba, domin mun tara buhunan yashi a ƙofar dattijo, muna kuma fita mu tsame leda duk lokacin da hadari ya haɗu. Da aka manna daftarin kasafi na je na bi shi layi-layi da yatsa. Na ga kwalbati, amma sunan layin da aka rubuta na bayanmu ne, mai suna kusan irin namu. Gabana ya faɗi. Da an amince da shi a haka, ɗan kwangila can zai je, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Na rubuta 'yar gajeriyar takarda na liƙa kwafin bayanan zama da rahoton injiniya, na bi ta rajista, aka gyara kafin ranar amincewa.

Sa aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Wata uku muka ƙara jira kafin aka manna tallar kwangila, aka buɗe takardun masu nema, aka ba wanda aka ba. Aikin kansa bai fi mako uku ba: aka fasa hanya, aka fitar da tsohon bututun, aka ɗaure rodi, aka kafa katako, aka zuba kankare. Wahalar da ta biyo baya ita ce hana motoci hawa. Injiniya ya ce kankare sai ya kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da aka tsara masa, a kuma riƙa jiƙa shi da ruwa a kwanakin farko. Masu tifa suna so su bi, domin zagayen yana da nisa. Samarin layi suka tare wurin da duwatsu, dattijo kuma ya kafa kujerarsa a gefe daga safe zuwa yamma, duk wanda ya zo ya ba shi haƙuri.

Wanda zai kai kuka hukumar birni, ya rubuta tun ranar farko, ko da ya yi wa kansila magana da baki, ya kuma tabbatar an buga wa kwafinsa hatimi an ba shi lamba. Ya tambayi wa ke da alhakin wurin kafin ya rubuta. Ya tambayi lokacin da ake haɗa kasafi, domin babban aiki da ya makara da mako biyu yana iya jiran shekara. Kada ya biya kowa komai sai a ofishin kuɗi da rasit. Kada kuma ya raina masinja da ma'aikatan rajista da akawu, su ne suka san inda kowace takarda take kwana. Kuɗin mota da ranakun aikin da na rasa sun yi mini nauyi, da mun raba zuwan tsakanin mutum uku ko huɗu tun farko da abin ya zo da sauƙi, sai a wata na shida na nemi taimako.

Injiniya ya kuma faɗa mini cewa ba a biyan ɗan kwangila kuɗinsa duka a ranar da ya gama, ana riƙe wani kaso har zuwa wani wa'adi, domin in aikin ya nuna aibi ya dawo ya gyara. Ruwan farko na bana ya bi ta ƙarƙashin hanya ya wuce, muna tsaye da dattijo a ƙofar gida muna kallo. Amma bayan ruwa na uku na ga tsaga siririya a bangon da ke gefen bakin kwalbatin, ƙasa kuma ta fara zaizayewa a bayansa. Na ɗauki hoto na ɗora sandar awo a jikin tsagar, na rubuta takarda da tsohuwar lambarmu a sama, na kai rajista a makon jiya. An ce fayil ɗin yana teburin injiniya, ranar Talata zan koma.